Ƙuri'ar Mai Share Ƙanƙara

Ƙarfe huɗu na asuba nake tada mota.
Gari na barci, Tafkin Superior na huci,
ni da garmar ƙarfe muna buɗe wa mutane hanya.
Shekara goma sha tara ke nan.
Magadan gari uku sun hau sun sauka a idona,
ƙanƙara ba ta tambayi sunan ko ɗaya ba.

Bana Marlys Tervonen na neman komawa.
Allunanta shuɗɗa sun tsiro a ƙofar gidaje
kamar shukar da ta manta lokacin sanyi ne.
Jiya bakin garmata ya kwashe biyu a bayan coci,
na sauka, na kakkaɓe, na mayar,
kada a ce da gayya na yi.

Don akwai 'yar tsama tsakaninmu.
A shekararta ta biyu ta yanke mana kuɗin aikin dare.
Ba ta aiko takarda ba, ita ta zo gareji da ƙafarta,
ta ce asusun gari rijiya ce, ta leƙa, ta ga ƙasa.
Wata uku ban gaishe ta ba.
A shekarar ne gyaran haƙoran 'yata ya jira baɗi.

Amma gadar nan ta bakin tsohon kamfanin takarda,
mai rawa in motar makaranta ta hau,
ta bar rawa.
An tone bututun dalma a unguwar gangare,
gida ɗari biyu da arba'in.
Saura tamanin. Ita ke faɗa da bakinta,
tun kafin a tambaye ta.

Wurin ninƙayar yara kuwa yana nan da kwaɗo a ƙofa,
alkawarinsa ya daskare tun hunturun farko.
Fitilar mararrabar kasuwa ta zo,
amma sai bayan an binne ɗan Eino.
Wannan ba a rubuta shi a allo ba.

Dwight Kaczmarek, dillalin motoci, shi ke ja da ita.
Zai rage haraji, ya cike kowane rami,
ya buɗe wurin ninƙaya kafin bazara.
A zauren makaranta na ɗaga hannu:
tan nawa na gishiri titunanmu ke ci a shekara?
Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata,
ya ce irina ake nema.
Hannunsa da ɗumi. Amsa dai ban ji ba.
Ba girin-girin ba, in ji masu magana.

Abin da ya hana ni sakat shi ne daren Fabrairu
da wuta ta ɗauke, iska ta karya falwaya bakwai.
Ta buga gilashin motata, ta hau ba sallama,
da butar kofi da takarda mai sunaye goma sha ɗaya,
tsofaffin da numfashinsu ke rataye a jikin na'ura.
A gidan Aili Rautio garma ba ta shiga lungu,
ta ɗauki shebur.
Awa shida muna tare,
ba ta tada zancen kuɗin dare ba,
ni ma ban tada ba.
Ba ta kuma mayar mana da shi ba, har yau.

Talata ce zaɓe, a ofishin 'yan kwana-kwana.
Wancan karo da ƙuri'a sittin da ɗaya ta sha.
Matata Noreen ta gama shawara, ta ƙi gaya mini.
An ce daren Litinin za a zuba ƙanƙara har gwiwa,
don haka titin can zan fara sharewa,
nata mutanen su wuce, nasa su wuce.
Sannan in kashe mota, in buga takalmi a dokin ƙofa,
in shiga bayan labule,
in cire safar hannu da haƙori,
in jira yatsuna su saki.