Tulun da Ke Wuyan Dabino

Ni ne Mofizul, mai tatsar dabino a Rajbari.
Shekara talatin igiya na cin ƙuguna.
Da la'asar in hau, in fere wuyan itace,
in rataya tulu ƙarƙashin tsagar,
ruwan zaƙi ya kwana yana ɗiga
kamar mai biyan bashi da kaɗan-kaɗan.

Jemagu kuwa tare muka tashi.
Babana yakan ce abokan cin arziki ne,
su lashi nasu da dare, mu sauke namu da asuba.
Wa ke binciken baƙon da ya san kakansa?

Wata Laraba, hazon kogin Padma bai ɗaga ba,
Shiuli ta tare ni a gindin bishiya da moɗarta.
Shekararta tara, haƙorin gaba bai gama fitowa ba.
Na tsiyaya mata na farkon tulu, ɗanye, mai sanyi,
da hannuna.
Wannan hannun.

Kwana shida ta ce kanta na sarawa.
Kwana takwas jikinta ya koma garwashi.
A na goma ta dubi uwar da ta haife ta
ta ce, "Baiwar Allah, kira mini Amma."

Likita a Faridpur ya ce ƙwaƙwalwa ce ta kumbura,
cuta ta biyo yawun jemage ta faɗa tulu.
Ya faɗi sunanta: Nipah.
Ɗan gajeren suna, kamar na 'yar maƙwabta.
Ta bayan gilashi na yi mata addu'a,
masu safar roba suka yi mata wanka.

Rokeya ta ɗauko gwangwanin biskit,
ta zaro katin rigakafi, ta shimfiɗa a cinya:
ƙyanda, shan-inna, tarin fuka, sarƙe-haƙora,
babu gurbin da ba a cika ba.
"Wace na tsallake?" in ji ta. "Ku nuna mini."
Malama Anjuman ta riƙe yatsunta:
"Ba ki tsallake ba, 'yar'uwa.
Waɗancan sun tsare ƙofofinsu.
Wannan, allurarta na hanya, ana kan gwaji."

Na wasa gatari, na nufi kurmin da suke rataye,
baƙaƙe, kai a ƙasa, ko a jikinsu.
Anjuman ta sha gabana da kekenta.
"In ka tarwatsa su, ƙauyen gaba ka aika wa.
Ajiye. Zo mu tsaga gora."

Yanzu kowace bishiya tawa tana da zane,
saƙar gora daga tsaga har bakin tulu,
ba ta barin harshe, ba ta barin fiffike.
Abin da na sauke wuta ce ke fara sha,
ya tafasa, ya yi kauri, ya koma mazarƙwaila.
Haradhan mai kwalekwale ya ce na zama matsoraci,
wai daɗin abin a ɗanyensa yake.
Na ce haka ne. Ban sayar masa ba.

A bangon shagon shayi na rubuta lambar Anjuman da gawayi:
zazzaɓi da ruɗewa, a kira ko tsakar dare ne,
mutum ɗaya ya yi jinya, ya rufe hanci, ya wanke hannu.
Ruwa ya goge, na sake rubutawa.
Ba a fafe gora ranar tafiya,
ni kuwa sai da tafiyar ta wuce na koya.

Da masu bincike suka zo neman jini,
ni na fara naɗe hannun riga.
Na ce ku ɗiba, in da abin da zai gaggauta ta.
In ta iso, a fara da yaran Haradhan.

Moɗar tana nan a ƙusa, Rokeya ba ta taɓa ta.
Da dare nakan ji ɗigar daga sama,
da fukafukai suna kewaya saƙar, suna komawa.