Eh Guda, Shekara Uku

Ni Nomau na Bunza, mai albasa,
ban san ƙofar kotu ba sai bara,
ran da anka tsai da Arzika gaban majistare
kan injin ban-ruwa da ya saya kasuwar Jega,
ja, mai tsagaggen tanki,
wai na sata ne tun daga Kalgo.

Anka karanta mai takarda da Turanci.
Ya ji sunanai ciki, ya ji sunana,
ya ce eh,
eh ɗin ɗan da anka hora da amsa kira.
Alƙalami ya sunkuya, ya ɗago:
shekara uku, babu zaɓin tara.

Wani masinja mai goro a kumatu
ya ja ni gindin dogon yaro, ya ce, Baba,
bisa wanga ɗaki akwai wani ɗaki.
Kwana talatin gare ka, kada ka yi kwana.
Ɗaukaka ƙara, sunanta ke nan.
Na ce, ni da ko murya ban iya ɗaukakawa?

Buhu tara na shinkafa sunka tafi,
tunkiyar uwatai ta bi su, har da ɗanta.
Lauya Hassi, sa'ar autata,
ta ce a kawo kwafin shari'a.
Kwafi na hannun rajistara,
rajistara na jiran mai buga takarda,
mai bugawa na jiran wuta,
wuta ko, Allah kaɗai ya san wa take jira.
Ran ashirin da takwas munka shigar,
gumi na bin gemuna.

Daga nan na haddace hanyar Birnin Kebbi
har 'yan kamasho sunka bar tambayata.
Yau alƙali ya tafi taro.
Wani wata motar gidan yari babu mai.
Na bayansa lauyan gwamnati bai ga fayil ba.
An ɗage. An ɗage.
Kalmar ta zauna mini a harshe kamar maɗaci.

Ruwa ya cika fadama, ya janye,
anka dasa, anka yanke, babu Arzika.
Matatai ta sauka, munka raɗa suna,
na kai mai labari ta tsakanin ƙarafa
da ƙulli na ƙuli-ƙuli
wanda gandiroba ya farfasa ɗaya-ɗaya
yana neman abin da ban sa ba.
Ya ce, Baba, yarinyar da wa ta yi kama?
Na ce da kai. Ƙarya na yi,
ita da uwatta kamar an tsaga kara.

Wata goma sha huɗu, sannan ranar ta zo.
Hassi ta miƙe cikin baƙar riga,
ba ta ja zance ba.
Ta ɗaga kwafin, shafi huɗu ne duka,
ta ce, Ya mai shari'a, a nuna mini
inda anka rubuta sunan tafinta.
Anka juya shafi. Anka sake juyawa.
Fanka na kuka bisa kawunanmu.
Lauyan gwamnati ya dubi takalminai.

Alƙali ya cire tabarau,
ya tambayi yaron da bakin da uwatai ta ba shi:
Ran nan, me ka amsa?
Ya ce, Sunana, ranka ya daɗe.

An soke hukunci.
Haka tafinta ya faɗa, don yau akwai shi,
da wankakkar hula.
Na buɗe baki in tambayi wa ke biyan damina,
wa ke biyan buhu tara da tunkiya,
Hassi ta girgiza mini kai.
Na haɗiye.

Bakin ƙofa Arzika ya tsaya.
Ƙofa a buɗe, ga titi, ga 'yan kabu-kabu,
ga mai lemu tana fere,
shi ko yana tsaye, hannu a baya,
yana jiran a ce mai fita.

Na kira sunanai.
Ya dube ni, ya daɗe yana dubana,
bai ce eh ba.