Har Sai An Karya Shi

Daren Alhamis a Gdańsk, hawa na huɗu,
taragon ƙarshe ya wuce yana kaɗa gilashin taga.
Mu huɗu ne a teburin Jagoda.
Kujera ta biyar an jingine ta da bango.

Jagoda ce ke jan labarin. Ta shimfiɗa taswira:
"Gizo-gizon kogon yana nan inda muka bar shi,
saura zagaye shida sihirin barci ya sake shi."
Zagaye ɗaya daƙiƙa shida ne a can ciki.
Mu kuwa wata biyar ba mu buɗe takardar nan ba,
wata biyar dodo yana minshari a ƙarƙashin zanen fensir.

Radomił ne ke riƙe da barcin da hankalinsa.
Irin wannan sihirin ƙoƙon ruwa ne cike taf:
in an buge ka, ka jefa ƙwaya mai fuska ashirin,
ta gaza goma, ruwa ya zube.
Ba a ɗaukar biyu a lokaci guda.
Shi ma gizon yana da nasa jifan duk ƙarshen zagaye,
don doka ba ta hana ko dodo neman tsira.

Sai Halszka ta ce, a hankali, "To hasken fa?"

Shiru. Butar shayi ta kashe kanta a kicin.

Zdzisław ne ya kunna mana dutsen nan.
Takardarsa na cikin jaka har yanzu,
da zoben kofi a kusurwa,
da rubutun nan nasa na mai walda, kowane harafi a tsaye.
A watan Fabrairu muka raka shi, ƙanƙara har idon sawu.

"Doka doka ce," in ji Radomił, idonsa a kan hannunsa.
"Mai sihiri ya tafi, sihiri ya bi shi."

Jagoda ba ta amsa ba.
Ta lashi yatsa, ta yi ta juya shafi.
Wanda ake riƙewa, ta ce, shi ne ke bin mai shi.
Akwai mai ƙayyadadden lokaci, kamar kyandir,
ko da kai ko ba kai zai cinye kansa.
Yatsanta ya gangara, ya tsaya a layin ƙasa,
inda aka rubuta tsawon lokaci.
Ta juyo mana littafin mu karanta da kanmu:

har sai an karya shi.

Na tuna daren. Alfadarinsa ya sayar
ya sayi garin lu'ulu'un da sihirin ke ci,
muka yi masa dariya har hawaye:
ga tocilan kara a araha, sai ka ɓarnatar da dukiya?
Ya ce kara yana ƙarewa.

"Akwai mai son karya shi?" in ji Jagoda,
da muryar da take tambaya ko za a ƙara shayi.

Na ɗauki fensir, na ƙara a jerin kayana:
dutse ɗaya, mai haske. Nauyi: ban cike gurbin ba.

Wani jemage ya kai wa Radomił cizo.
Ya girgiza ƙwaya, ya saki.
Ta bugi kofi, ta tsaya a huɗu.
Ruwa ya zube, gizo ya buɗe idanunsa takwas,
ya nufo mu.

Mun gan shi tun daga nesa.