Kwalba ta Ɗari da Sha Huɗu

An kashe gobarar tuddan Valparaíso ranar Talata.
Ranar Alhamis ta tashi a ƙirjin Nibaldo.

Da ƙafarsa ya zo asibiti,
yana tari, yana ba nas haƙuri
don takalminsa ya ɓata mata daɓe da toka.
Mai ɗaurin igiya ne a tashar jiragen ruwa,
shekara talatin da ɗaya yana ja da teku, bai taɓa nutsewa ba.
Ga shi yau a hawa na huɗu,
nesa da ruwa,
yana nutsewa.

Na ɗaga hoton ƙirjinsa a gaban fitila.
Inda ya kamata a ga baƙi, mazaunin iska,
fari ne fat,
kamar an shafe tagogi biyu da farar ƙasa.

Ba ni ke ba shi magani ba.
Nawa aikin a ƙasa yake, kusa da ɗakin wanki,
inda firji ke gurnani dare da rana.
Ana sauko mini da ruwan da aka zuƙo daga huhunsa,
cokali biyu, launin ruwan wankin nama,
in manna masa lamba,
in ɗiga a gilashi, in sunkuya.

Ga su nan, fararen ƙwayoyin jini,
masu gadin gida.
Hayaƙi ya yi ɓarnarsa ya wuce tun tuni,
su kuwa ba wanda ya gaya musu.
Suna ta sara a cikin duhu,
sun fasa bango, sun huda rufi,
ruwa na shigowa ta inda suka bi ɓarawo.
Shekara tara ina yi musu tambaya guda:
wa ke ce muku ku fara,
kuma da wane harshe ake ce muku ya isa?

Ɓeraye sun ba ni amsa sau uku.
Sau uku na hau bene da ita a hannu,
jikin mutum ya ce ba tasa ba ce.

Abin da muka sani bai cika tafin hannu ba,
shi ma da tsada aka saye shi.
A dā injin numfashi cikawa yake yi har wuya,
wai yawan iska alheri ne,
ashe jiƙaƙƙen tsumma ake ja, yana yagewa.
Yanzu kaɗan-kaɗan ake ba shi,
kamar kurɓin ruwa ga wanda ƙishirwa ta galabaitar.
Da faɗuwar rana kuma mutum biyar su taru,
Ximena ta riƙe kai da bututu, ta ƙirga zuwa uku,
su juya shi ruf da ciki
don bayan huhu ya samu rabonsa.

Matarsa Eduvigis ta tare ni a gindin matakala
da burodi a takarda, wanda ba mai ci.
Ita ta sa hannu aka ba ni izini.
Ta ce, me kike nema a ruwan ƙirjin mijina?
Na ce, abin da zai hana wannan ya faru.
Ta ce, ai ya riga ya faru.
Na kalli ƙasa.
Ta ce, na wani ne ke nan.
Na ce, na wani ne.
Ta daɗe tana duban hannuna,
sannan ta gutsura burodin ta miƙo mini.

Kwana goma sha shida.
Yau da asuba lambar da ke kan allo ta hau,
casa'in da ɗaya, casa'in da biyu, ta tsaya tana rawa.
Ba maganina ba ne.
Na rubuta a littafi: ya farfaɗo, ba a san dalili ba,
ƙasa da layin da na rubuta wa saurayin gado na shida,
wanda bai shaƙi rabin hayaƙinsa ba:
ya rasu, ba a san dalili ba.

Na sauka.
Kwalabensu biyu na jingine da juna a firji,
ruwansu launi ɗaya.
Na sa safar hannu.
A waje jirgin kaya yana kiran wanda zai kama masa igiya.