Ofis Mai Lamba Tara, La Paz

Ƙarfe shida jirgin igiya ke sauko da ita daga El Alto,
birni a ƙasa kamar tsabar da aka shanya.
Dakta Nélida Apaza,
jakarta cike da muryoyi:
matan da ke tsintar kuza a bakin rami,
da wata mai tuƙa bas, ɗanta na barci a kujerar baya.

Shekara bakwai tana ƙirga
mata nawa suka taɓa zama a majalisar jami'a.
Yatsun hannu ɗaya sun isa, har da saura.

Ofishin nasu su biyu ne, ita da Zulema,
mai binciken yadda kurame ke bin lacca.
Buta guda, shayin ganyen koka,
tagar da ta ƙi rufuwa tun bara.

Shugaban sashe ya ce, "Wannan ai ƙorafi ne, ba ilimi ba."
Ta ce, "Duba shafi na arba'in. Ƙorafin yana da alƙaluma."

Da yamma, uwarta, zaune kan buhu,
ta tambaya da Aymara, "Me kika rubuta yau?"
"Ke."
Tsohuwa ta gyara zaman hularta.
"To, ki ƙara da cewa dankali ya yi tsada."