Goshin Mota

Shekara sha tara ina kamasho a Tashar Dukku,
muryata ta dushe a kan kalma ɗaya:
Furon! Saura furon, mu tashi!
Ban taɓa tambayar wa ya haife ta ba.
A bakin Oga Bappayo na tsince ta
ranar da ya ba ni tsohuwar rigarsa.
Na saka duka biyun, suka yi mini daidai.

A wurina furon kujera ce mai soso,
ga iska, ga hira da direba,
ɗari biyar a kan kuɗin kowa.
Mai ciwon gwiwa na so, mai ji da kansa na so.

Wata Laraba mota ta ƙi cika.
Ga wani dattijo daga Kaltungo, Baba Mela,
sanda a hannu, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa.
Na ce, Baba, shiga furon, ba ƙari.
Ya dube ni har na ji kunya.
Ya ce, Yaro, na je furon sau ɗaya.
Mu sha biyu muka tsallaka kogi,
mu uku muka ci tuwon dare.
Ba ni baya, kusa da buhun wake.

Malama Dijatu tana maka jan biro a takardun yara,
ba ta ko ɗago kai ba ta ce:
Tsohuwa ce, ta girmi kakan kakanka.
A bakin Rumawa goshi take nufi.
Ta yi zango wajen Faransawa,
ta haye ruwa, Ingila ta ba ta masauki,
aka manna ta a fuskar gida, a bakin dāga,
har a kan hadari in ya jero daga gabas.

Goshi?
Na kai hannu na shafa nawa.
Inna ta sha cewa ina da shi,
wai ranar da aka haife ni saniyarmu ta haihu.
Saniyar dai an sayar.

Jalo, yaron mota, ya cire abin kunne yana dariya:
Ku tsofaffi kun tsaya a tasha.
A wajenmu furontin burga ce,
takalmin aro, babbar waya ba ko sisin kati.
Kun ga shagon can na tsallake?
Gwangwanin madara uku, shekara biyu ba a taɓa ba,
amma mai shi ya ɗora bene a Tumfure.
Shago furon ne kawai,
ta ƙofar baya kuɗin ke sallama.

Na yi shiru ina lissafi.
Mu ma ai ba mu bar tamu ta huta ba.
Gaba ce ke faɗuwa in an buga ƙofa da tsakar dare,
gaba ce abin da bai zo ba tukuna,
amma waɗanda muka binne su ne magabata.
Ita muke rufewa da zane.
Ja ta kaɗan a baki,
'yan uwa biyu sun daina gaisawa.

Can sai ga wata yarinya da kiret ɗin ƙwai huɗu,
ta biya ba ciniki, ta zauna, ta rungume su a cinya.
Ba ta san Rumawa ba, ƙwanta take ji.
Na buga bodi sau biyu, mota ta ɗaga.

Sha tara ina sayar da kujerar nan,
ban zauna a kanta ba ko zuwa Bojude.

Da magariba na shimfiɗa kwali bayan rumfar mai shayi.
Abin da suka ɗauka suka kai yaƙi,
suka kai kanti, suka sa masa farashi,
na kai shi ƙasa.
Na ɗago da yashi a manne,
ban share ba sai da na isa gida.