Taƙi Ɗaya a Bangon Madafa

Ranar da Ilu magini ya shigo da tef ɗinsa,
Goggo Lantana na zaune gaban tanda,
hayaƙi na cin idonta yadda ya saba
tun ba a haife ni ba a gidan nan na Jahun.
Na ce, "Goggo, madafar nan ta tsufa."
Ta ce, "Ni fa?"
Ta zuba ƙullu, ba ta ɗago ba.

Ilu ya auna tsawo, ya auna faɗi,
ya rubuta a bayan takardar siminti.
Ya ce kanta za ta kai ƙugu.
Goggo ta ce, "Ƙugun wa?
Kai dogo ne kamar giginya,
zo ka auna nawa, ni ce mai tsayuwar."
Aka rage kamu guda, saura kaɗan.

Taga kuwa, ba inda ya zana ba.
Ta ce a huda ta saitin ƙofar zaure,
don ta ga yaron da ya zo sayen masa
kafin ya gaji da sallama ya wuce maƙwabta.

Kwana tara muna cin abincin murhun aro.
Aka ɓare rufin da kunkunniya ta rina,
aka karkata daɓe don ruwa ya san hanyar kwata,
ba ya kwana ƙarƙashin randa ba.
Na sayo tayil a Wunti, fari tas mai santsi,
ta shafa shi da tafin ƙafa, ta ce in mayar:
"Ba ka gyara mini ɗaki don ka karya ni ba."
Na dawo da mai kaushi, ruwan ƙasa.

A sito aka ɗaga katako daga ƙasa
don damina ta daina lasar buhun shinkafa,
ɓera ya zo ya tarar an canza gari.
Daddawa ta sami kabad nata ita kaɗai,
nesa da sukari, don kowa ya riƙe ƙamshinsa.
Tukunyar gas tana waje, bayan bango, cikin inuwa.
Duwatsun murhu uku ba su tafi ba:
masa, in ji Goggo, ba ta jin yaren shuɗiyar wuta.
Aka yi musu rumfa da bututun hayaƙi,
suka zauna kamar dattawan da aka ba tabarma.

Sai ranar fenti.
Bayan ƙofa, inda haske bai cika zuwa ba,
mai fenti ya tarar da zane-zanen gawayi,
gajeru, a jere, wasu an soke, wasu ba a soke ba.
Ya ɗaga buroshi.
Goggo ta riƙe masa hannu.
"Wannan na Malam Baraya ne mai facin keke,
masa biyar kullum, har ciwo ya kwantar da shi.
Wannan na Dije ne, shekarar da gero ya ƙi.
Duk sun riga mu.
Na yafe tun tuni, ba bashi nake bi ba,
amma in ka shafe, a ina zan riƙa gaishe su?"

Yau bangon ya yi fari har sama,
sai taƙi ɗaya, baƙi, bayan ƙofa.
Baƙi na tambaya ko fenti ne ya ƙare.
Mukan ce e.

Daren farko ta dafa miyar kuka a tsaye,
famfo na zuba, fitila na ci, ba tari, ba fifita.
Na leƙo na ga tana share ido da gefen zane.
Na ce, "Goggo, ai babu hayaƙi."
Ta ce, "Shi ne abin da ka yi mini, ɗan nan.
Shekara arba'in ina da wanda nake ɗora wa.
Miƙo mini gishiri."